Jirgin Baba Haladu da Tudun Bayan Kasuwa

Kwanakin baya na je gida Yako sunan jikan yayata, na ce wa mai achaɓan da ya ɗauko ni daga bakin titi ya sauke ni a gindin tudun bayan kasuwa. Ya waiwayo ya ce, "Baba, wane tudu?" Na ce tudu dai, wanda kududdufi yake bayansa. Ya ce shi tun da ya yi wayo bai san wani tudu a nan ba. Da muka isa sai na ga gaskiyarsa. An kwashe ƙasar tudun an cike kududdufin da ita, an jera shagunan bulo a kai, wannan na cajin waya, wancan na takin zamani, na ƙarshe ana aski. Na tsaya ina dariya ni kaɗai har mai achaɓan ya fara yi mini kallon wanda ba shi da cikakkiyar lafiya. Ai dole in yi dariya. Daidai inda wani yake zaune a benci yana danna waya, nan ne na kusa jawo a narkar da abin da ya fi komai daraja a wurin wani dattijo, kuma wallahi da kyakkyawar niyya na yi.

A wancan lokaci ban daɗe da yin aure ba, ina gyaran keke a ƙarƙashin wata ceɗiya a bakin kasuwa. Ban fara yawon duniya ba tukuna. Ban san Ikko ba, ban san Agadas ba, balle can cikin Kamaru inda na yi shekara uku ina cin rogo ina begen tuwon gida. Duniyata kaf daga Ƙiru zuwa Doguwa take, kuma ta ishe ni. Garin namu da kunne ma ana gane shi. Da sassafe luguden mata ne da kukan jakuna, da hantsi ƙararrawar kekunan masu kai tumatir da albasa, can da rana jirgin dizal ya wuce ta layin dogo yana gurnani kamar wanda aka tasa daga barci bai shirya ba. Yanzu in ka rufe ido a kasuwar Yako ba za ka san a wane gari kake ba, janareta ne da babur ko'ina. Ni kuwa a sana'ata magani ɗaya gare ni ga kowace cuta, wato mai. Keke ya yi ƙara, mai. Sarƙa ta cije, mai. Ko birki aka ce ba ya ci, sai na kai hannu kan 'yar butar maina kafin in tuna birki ne. Abokaina har cewa suke ranar da matata za ta yi ciwon kai, ɗiga mata zan yi a kunne.

A gindin ceɗiyar nan dattawa suke zama bayan La'asar, mai riƙe da hirar kuwa Baba Haladu ne. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne na zamanin kwal. Shi ne mai tsayawa a bakin wuta da shebur yana zuba mata, daga Kano har kudu, shekara da shekaru, har gashin girarsa ya gaji da ƙonewa ya daina fitowa. Da aka kawo kawunan dizal aka ce babu sauran aikinsa, sai ya tattaro ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya da idanun da yana ta fara rufewa. A cikin akwatin nan Ɗan Baƙi yake. Kan jirgi ne ƙarami, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa da ɗan ƙari, shi ya ƙera abinsa da guntayen tagulla a ranakun hutu. Ba irin na yaran yanzu ba ne da za a cusa wa batir ya yi ta walƙiya. Wannan ruwa ake zuba masa, a hura masa wuta da gawayin ƙirya da aka farfasa kamar ƙwayar gyaɗa, sannan a zauna a jira shi sai ya ga dama. Za ka ji tukunyarsa ta fara waƙa ƙasa-ƙasa, can tururi ya fara tsartuwa ta gefe, Baba ya ja wani ɗan zare usur ya tsaga unguwa, ya murɗa makunni, sai ka ga ƙarfe ya tashi yana tafiya da ƙafarsa, cak, cak, cak. Ranar da na fara ganinsa yana zagaya wani ɗan layi a tsakar gidan Baba, na bar keken wani malami a kwance ba taya har Magariba, mutumin ya koma Ba'awa a ƙasa yana faɗa mini abin da ba zan maimaita ba.

Baba yakan ce, "Shi injin tururi ba ya ɓoye maka komai. In yana jin ƙishi zai faɗa, in ka cika masa ciki zai faɗa, kai dai ka iya saurare. Dizal kuwa sai ya mutu da kai a daji kake sanin ba shi da lafiya."

Mu biyu ciwon ya kama sosai, ni da Tanimu mai zubin tukwanen dalma, abokina tun na yarinta. Muka ce mu ma sai mun yi namu. Baba ya ce tukunyar jirgi ba ta yiwuwa da gwangwani, sai tankin tsohon risho mai famfo, irin na tagulla, don shi dama an yi shi ne ya riƙe iska. Silinda kuma sai famfon keke na da, ba na roba ba. To daga nan muka zama mahaukatan risho. Ranar kasuwar Bebeji muna can, ranar ta Tudun Wada muna can, har Doguwa mun je a bayan a-kori-kura muna zaune a kan buhunan masara, muna bin 'yan gwangwan da masu shayi da tsofaffin malaman makaranta muna tambaya ko akwai mataccen risho. Wata tsohuwa a Ba'awa ta rantse akwai zinare a cikin nata, tunda har maza biyu masu iyali suka tako dominsa. Ta ƙi sayarwa, ta tura shi ƙarƙashin gado ta zauna a kai tana kallonmu har muka fita. Na tabbata yana nan wurin jikokinta suna jiran ranar da zai yi tsada.

Kafin shekara biyu jiragen sun zama biyar, suna jere a kan katako a zauren Baba. Tanimu ne mai zuba ƙafafu, ni ne mai goge silinda da haɗa sanduna, walda kuwa Baba ba ya bari kowa ya yi sai shi, yana lalube da yatsa. Inda muka fi shi sai wajen kwalliya. Nawa na yi masa fenti kore da ja irin na manyan motocin ɗaukar kaya, na manna masa gutsattsarin madubi, na ɗaura masa tuntu a bututun hayaƙi, wanda ya ƙone tun a tafiyar farko. Tanimu ya zuba wa nasa ƙaho biyu a goshi, wai don Fulani su san shi ma bijimi ne. Baba ya shafa nawa daga kai har gindi ya ce, "Injiniya," don haka yake kirana, "jirginka ya fi na kowa kyau a tsaye." Kuma gaskiya ya faɗa, ba ya taku ashirin sai ya tsaya yana huci kamar mai ƙiba a hawan bene. Ɗan Baƙi kuwa ba fenti ba madubi, baƙi ƙirin da hayaƙi, amma in ya tashi sai ruwa ya ƙare. Da man silindar da Baba ya zo da shi a kwalba ya ƙare, sai ya aike mu wurin mahauta muka karɓo kitsen tozo, ya soya ya tace, ya ce shi ne tururi ba ya wankewa. Tun daga ranar duk jirgin da aka hura sai unguwa ta ɗauki ƙanshin balangu, karnuka su zo su zauna a gefen layi kamar fasinjoji. Shekaru bayan haka na shiga wani kanti a wata ƙasa na ga irin jiragen nan a cikin gilashi, masu kuɗi suna saye suna ajiyewa. Na tambayi mai kantin ko ana hura su, ya ce wasu dai. Na ce a raina, Allah sarki, ba su taɓa jin ƙanshin tozo ba.

Mutum ɗaya ne abin bai taɓa burgewa ba, Alhaji Sale mai injin niƙa. Shi da Baba taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, tun suna yara ba mai raga wa wani. Alhaji ya kafa rumfar injinsa dab da ceɗiya, injin dizal ne mai tukutuku daga safe har Magariba, dole Baba ya riƙa ba da labari da ihu. Kuma na sha ganin Alhaji da idona, daidai Baba ya zo wurin da labari ya fi daɗi, sai ya tashi wai zai duba bel, ya ƙara wa injin wuta.

Wata rana Baba yana ba da labarin yadda suka hau wani dogon tudu a kudu da taragu cike da gyaɗa, sai Alhaji ya ce, "Haladu, in da tururi yana da ƙarfi ai da ba a sallamo ka ba."

Injin ya ci gaba da tukutukunsa. Wasan taubasai wasa ne, amma wannan ta taɓa wurin da ba a taɓawa.

Baba ya ce, "Sake faɗa. Injinka ya cinye rabin maganar."

"Na ce butar shayi ce kuka sa wa ƙafa. Tana zagaya tsakar gida ana tafa mata. Ta ɗauki kaya mana ta hau tudu mu gani."

"Wane tudun?"

Alhaji ya nuna na bayan kasuwa da carbinsa. "Wancan. Da tiya guda ta masara. Ba gwaji, hawa ɗaya ne. Kuma daga ya tashi, hannu kada ya taɓa shi."

"In ya hau fa?"

"Faɗi abin da kake so."

"Kullum daga La'asar zuwa Magariba ka kashe wannan abin, mutane su ji maganar junansu."

Alhaji ya waiwaya ya dubi rumfarsa, don lokacin ne mata suka fi aiko da niƙa. Can ya ce, "Na yarda. In kuma bai hau ba, a ba Tanimu ya narka shi ya yi wa 'yan matan ruga awarwaro. Ko ba komai ya yi amfani sau ɗaya."

Na zaci Baba zai yi dariya a bar maganar. Sai na ga ya miƙa hannu, suka tafa, liman da sauran dattawa suka shaida, aka sa ranar Juma'a ta sama. A hanyar gida Tanimu ya ce, "Baba, ni wallahi ko bai hau ba ba zan sa shi a wuta ba." Baba ya tsaya ya ce, "Za ka sa. A gaban mutane na ba da hannu. In ka ƙi, ni zan hura maka zugazugin." Daga yadda ya faɗa muka san ba sauran wasa a ciki.

Layi muka fara nema. Langa-langa muke amfani da shi, ƙarfen nan da ake ɗaure dila, a kafa shi a tsaye cikin tsagar guntayen katako. Na tsakar gida bai kai ko'ina ba, sai muka bi masu gwanjo da masu auduga har Ƙiru muna roƙo. Baba ya cire takalmi ya hau tudun nan ya sauko ya fi sau goma, wai da tafin ƙafa ake jin hawa. Ya ce ba za a miƙe sama ɗoɗar ba, ta gefe za a bi a kwance a kwance, kamar yadda jaki mai hankali yake yi. Ranar Alhamis aka yi gayya. Ban san wanda ya kira ta ba, mun dai wayi gari mun ga mutane da fartanya da kwanduna, har da waɗanda ba su taɓa yi wa jiragenmu kallo biyu ba. Wasu na sharar hanya, wasu na daɓe, mata sun aiko da kunu a manyan ƙore, wani ya zo da gangarsa ba wanda ya gayyace shi. Ka duba fa, magidanta ne suka bar aikinsu suka wuni a rana don a shimfiɗa wa abin wasa hanya. Yanzu ko katangar masallaci ce ta faɗi sai an yi kwamiti. Langa-langan ya ƙare cif a kan tudu, ko taku ɗaya bai rage ba, daga nan sai gangara zuwa kududdufi. Baba ya ce, "Ya isa. Injiniya zai tsaya a nan, in ya iso ya tare shi ya rufe tururi." Kafin rana ta faɗi ya bi layin nan da rarrafe daga ƙasa har sama, yana shafa kowace mahaɗa da yatsa, ya ce ya yi.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, kowa ya shiga gida cin abinci, ni kuwa na kasa zama. Na zagaya in ƙara duba layi. Ga abin da na tarar: raɓa ta kwana a kan langa-langan, ya yi ja wur da tsatsa. Ni da ba na iya ganin sarƙar keken wani da tsatsa in wuce, ko ban san mai shi ba. Na ce yanzu wannan bawan Allah, ga kaya ga tudu, a bar shi kuma ya yi ta fama da tsatsa? Na koma rumfa na ɗauko 'yar butata da tsumma. Shimfiɗaɗɗen wurin da zai fara tafiya ban taɓa shi ba, na ce nan ba ya buƙatar taimako. Daga inda hawa ya fara ne na durƙusa na bi layin nan da mai har sama, na sauko na ƙara bi. Ya yi sheƙi gwanin sha'awa. Ban gaya wa kowa ba. Na ce sai an ci nasara, ana cikin murna, in ɗan yi gyaran murya in faɗi sirrin.

Kafin La'asar bayan kasuwa ya cika. Mutanen Ƙiru sun zo a kekuna, na Ba'awa a ƙasa, 'yan matan Fulani sun ajiye ƙoren nono suna tambayar Tanimu ko zai auna hannuwansu tun yanzu, shi kuwa kamar ya yi kuka. Iya Tabawa mai gyaɗa ta ga kasuwa ta zo har gida, ta kafa murhunta a gindin tudu tana suya a cikin yashi. Alhaji Sale ya fito da farar babbar riga sabuwa fil, ya auna masarar da kansa, ya yi wa tiyar tozo har da tare ta da hannu, ana ta yi masa tsiya yana cewa haka ake awo a gidansu. Aka raba ta cikin taragu huɗu na gwangwani. Sannan ya hau kan tudu ya tsaya a ƙarshen layi wai shi ne alƙali, ni ma na tsaya kusa da shi a wurin aikina. Daga can muna hango Baba a durƙushe, ya zuba ruwan saman da yake ɓoyo a kwalba tun damina, ya hura gawayi, ya zauna. Tukunyar 'yar ƙarama ce, ruwanta na ɗan lokaci ne, in ya ƙone wuta tana ci walda saki take yi. Duk da haka Baba bai yi gaggawa ba. Jama'a kuma suka jira, ba mai cewa a yi sauri. Ina ganin a nan ne muka fi mutanen yanzu, mun iya tsayawa mu zuba wa ruwa ido har ya tafasa.

Sai usur ya tashi. Ɗan Baƙi ya ja taragunsa ya taho, cak, cak, cak, hayaƙi na bin bayansa, karnuka uku na rakiya, mutane na tafiya a gefe da sanɗa kamar masu rakiyar amarya. Ya cinye shimfiɗaɗɗen wurin kamar wasa. Ya sa kai a hawa, ya yi taku ɗaya, biyu, sai muryarsa ta canza. Maimakon cak, cak, sai ka ji tarrrr. Ƙafafu na juyawa kamar mazari, jirgi yana nan inda yake. Can ma sai ya zame baya kamar faɗin tafin hannu.

Alhaji ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Ka ga kuma ya koma rawa. 'Yan mata, ku matso."

Baba ko kallon jirgin bai yi ba. Ya karkata kunne, sannan ya durƙusa ya ja yatsa a kan layi ya kai hanci. Bai ɗaga murya ba, amma har kan tudu na ji.

"Injiniya. Sauko."

Na gangaro na tsaya a gabansa.

"Man keke ne wannan?"

"Baba, tsatsa na gani."

"Har sama?"

"Har sama, Baba. Sau biyu."

Ya rufe ido ya buɗe. "Allah ya shirye ka. Da tsatsar nan yake kama ƙasa. Maza nemo mini yashi, busasshe mai laushi. Ruwan da ya rage masa bai fi na kurkure baki ba."

Na duba gabas na duba yamma. Tudun nan duk jar laka ce mai ƙulli, rafi kuwa kafin in je in dawo an gama. Sai idona ya faɗa kan kaskon Iya Tabawa. Na naɗe hannu da gefen rigata na sungume shi daga kan wuta.

"Kai ɗan nema, gyaɗata na ciki."

"Iya, har ita nake so."

Ta biyo ni da matankaɗi a hannu, na ɗauka dukana za ta yi. Da ta ga na fara watsa yashin da hannu, rabi a layi rabi a ƙasa, ga gyaɗa na gangarawa, sai ta ture ni da gwiwar hannu ta ce, "Riƙe kaskon kawai, kai ba abin da ka iya." Ta ɗebo ta fara tankaɗe a kan layi daidai gaban ƙafafun jirgin, siriri kamar tana barbaɗa gishiri a miya.

Alhaji ya yi magana daga sama, "Liman, an ce fa ba hannu."

Baba ya ce, "Hannun wa ya taɓa jirgi? Duk kan jirgin da na yi aiki a cikinsa da akwatin yashinsa yake yawo."

Liman ya ce shi dai a gabansa ba a ambaci yashi ba.

Ana cikin haka sai muka ji cak. Guda ɗaya, mai nauyi. Sai wata cak ɗin. Ɗan Baƙi ya girgiza, taragu suka miƙe, ya fara hawa. Wayyo daɗi. Ni ina tafiya da baya-baya riƙe da kasko mai zafi, Iya tana tankaɗe tana zagina, jirgi yana biye da mu kamar ɗan akuyar da ya ga dusa. Jama'a suka ɗauki cak, cak ɗin da baki, mai ganga ya shiga, 'yan matan da suka zo karɓar awarwaro su ne suka fi kowa guɗa. Muna tsakiyar tudu na ji hannuna yana ƙuna ta cikin riga, ban saki ba. Da jirgin ya ji yashi ya kama sosai sai ya ƙara sauri, har Iya tana haɗawa da gudu tana riƙe zani. Tanimu yana bayanmu yana riƙe da hannun Baba yana faɗa masa, ya wuce rabi, ya wuce kukar gefen tudu, saura kaɗan. Baba ya ce, "Yi mini shiru, ina jin sa."

Sai da muka iso ƙarshen layi na tuna wanda aka ce ya tsaya a nan ya tare shi. Ni ne, ga ni kuma da kasko a hannu biyu. Na ce, "Alhaji, tare." Alhaji ya ga abu baƙi yana feso tururi ya nufo ƙafarsa, ya tattare babbar riga ya yi wani tsalle da ban taɓa zaton yana da shi ba. Ɗan Baƙi ya bi ta ƙarƙashinsa, ya bar layi, ya gangara ta bayan tudu yana tuntsurawa, masara na tashi ko'ina, ya faɗa kududdufi. Muka ji cuuu, wani farin tururi ya tashi, ruwa ya rufe.

Ganga ta tsaya. Kafin wani ya motsa sai muka ga Alhaji Sale ya watsar da takalma ya bi gangarar nan da gudu, ya faɗa cikin ruwa da farar rigarsa har ƙugu. Yana lalube da ƙafa yana cewa, "Ta nan ya shiga, kada kowa ya shigo ya taka shi." Ya duƙa har gemunsa ya nutse, ya ɗago ba komai, ya sake duƙawa.

Lokacin Tanimu ya iso da Baba kan tudu. Baba ya ce, "Na ji ya yi shiru. Ina yake?"

Na ce, "Ya hau, Baba. Har ya wuce. Yana cikin kududdufi."

"Wa ya shiga ɗauko shi?"

"Alhaji."

Baba ya zauna daɓas a ƙasa ya yi ta dariya har hawaye na bin kumatunsa.

Alhaji ya hawo yana ɗiga, laka har ƙirji, kainuwa a kafaɗa, ya rungumo Ɗan Baƙi kamar jariri. Ya ajiye shi a cinyar Baba. Baba ya shafa shi ko'ina, ya girgiza shi a kunne, ya sa baki ya hura ta wurin zuba ruwa ya saurara. Ya ce bututun hayaƙi ne kawai ya lanƙwashe, tukunya ba ta fashe ba.

Alhaji ya tsaya yana matse hannun riga, ya ƙi kallon kowa. Can ya ce, "Ni fa ban ga hawan nan da kyau ba. Sai an sake."

Baba ya ce, "Kai da aka ce ya bi ta tsakanin ƙafafunka?"

"To shi ya sa. Ta ƙasa ya bi, ni kuma ina sama."

"Shi ke nan. Gobe bayan La'asar, in Injiniya ya wanke mini layi da toka. Kuma in injinka yana kashe."

"Zai kasance a kashe," in ji Alhaji. Sannan ya rage murya. "Amma zaren usur ɗin nan, ni zan ja."

Baba ya ce, "Je ka yi wanka tukuna. Ba a hawa jirgina da kainuwa a kafaɗa."